Wuyan Genzo

Sakai, 19 ga Janairu

Zuwa ga ƙanwata Tokiko,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki. Yaya jikin nasa? Ya fara ɗaga hannun daman kuwa? Yaya kuke fama da sanyin Tochigi, na ji an ce bana har famfo ya daskare muku. Busasshen duma da turaren da kika aiko sun iso, na gode. Kada ki ƙara ba ni haƙuri a kan rashin zuwanki jana'iza, wa za ki bar wa mara lafiya? Na so in kira ki a waya, amma da wannan kunnen naki sai maƙwabtana sun riga ki jin labarin, shi ya sa na ɗauko takarda.

Ni ƙalau nake, in ana kiran wannan lafiya. Yau kwana goma sha ɗaya da ciwon huhu ya ɗauke min mijina Genzo, kuma abin da ke cina ba baƙin ciki ba ne, haushi ne.

Yayansa Iwao bai zo ba. Ki sake karantawa, bai zo ba. Tsakanin maƙerarsa da gidana, in kika ɗauko shayi ba zai huce ba kin iso. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko ƙofar bai leƙo ba. Sai ya turo matarsa, faccalata Kinue, da baƙar riga sabuwa fil, ta zauna a gaba kamar ita aka yi wa mutuwar.

A gidan ƙona gawa ne abin ya faru. Kin san yadda suke yi a nan, ba kamar mu can gida a gabas ba da muke kwashe mutum kaf har ƙurarsa mu zuba a babban tulu. Su 'yan guntaye suke tsinta a wani ɗan tulu kamar kofin shayi, sauran su bar shi a can. Shekarata arba'in da ɗaya a garin nan, har yau abin bai zauna min ba. Ma'aikacin, wani siriri mai farar safar hannu, ya fara mana bayani daga ƙafa yana hawa sama, wannan diddige, wannan gwiwa, muna ɗauka da tsinkaye irin na cin abinci muna sakawa. Har aka zo kan Budan maƙogwaro, ɗan ƙashin nan na wuya mai kama da mutum-mutumin Buda na haikali a zaune ya harɗe ƙafafu, wanda ake ɗorawa a ƙarshe. Kin tuna na Baba yadda ya fito tsaf, Gwaggo tana ta cewa ai an san mutumin kirki ne?

Na Genzo bai fito haka ba. Mutumin ya tona, ya tona, sai ya ɗago wani abu mai tsawon tafin hannuna. Ƙasusuwa huɗu ne a manne wuri guda, Budan yana can sama ya narke a jikin sauran, ba ka gane kansa balle hannayensa. Ya yi gyaran murya ya ce, “Ku yi haƙuri, wannan bai rabu ba.”

Sai Kinue ta karkata wajen maƙwabciyata, da irin raɗar nan tata da ake ji daga bakin titi, ta ce, “Ahaf. Buda ma ya rasa wurin zama. Ai dama wanda bai iya rusuna wa na gaba da shi ba, me ake jira a gani?”

Tokiko, da tsinkayen nan na hannuna ƙarfe ne, da yanzu daga kurkuku nake rubuto miki.

Ban gama haɗiye wannan ba ma'aikacin ya gwada ƙashin a bakin tulun, ya ga ba zai shiga ba, ya ce a al'ada sukan ɗan danna shi ya rabu. Har ya ɗora tsinke a kai. Na ce masa, “Danna ka gani.” Na zaro hankicina na shimfiɗa, na ce ya ɗora min a nan. Ya dubi mutane, mutane suka dubi ƙasa, ya ɗora. Haka na dawo gida da wuyan mijina a cinya, da sauran ɗuminsa, ina jin ana cewa a bayan mota mutanen gabas dai sai su.

Kwana uku bayan nan Kinue ta dawo da saƙo. Ko takalmi ba ta cire ba, daga bakin ƙofa ta ce, “Yayanku ya ce a gaya miki, kabarin gidan Tsujino na masu mutunta gidan ne. Ki nemi wani wurin.”

Kin san kabarin a hannunsa yake, shi ne babba. Ba a ɗaga dutsen da ke rufe da shi sai ya buga hatiminsa a takardar haikali. Mu kuwa ba ɗa ba jika. Kuma abu ɗaya tak Genzo ya roƙe ni a gadon asibiti, ya ce a sa shi kusa da Inna, mahaifiyarsu. Mutumin da bai taɓa roƙona ko ƙarin shinkafa ba. Ranar 26 ga Fabrairu kwana arba'in da tara ke cika, ranar ce ya kamata ya shiga. Yanzu yana nan a gaban hotonsa, tulu gefe, hankici gefe.

Ki gaida maigidan, ki ce ina masa sannu. Ki riƙa sa safa biyu.

Yayarki,
Hatsue


Sakai, 3 ga Fabrairu

Ƙanwata Tokiko,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce ya riƙe cokali da kansa, madalla. Yaya ƙugun naki da ɗaga shi da kwantar da shi? Ki lallaɓa, ke ma ba yarinya ba ce.

Shawararki ta in kawo shi Tochigi a sa shi wajen su Baba, na gode, amma a'a. Mutumin da bai taɓa kwana uku a wajen Sakai ba tare da ya fara ƙorafin miya ta yi gishiri ba, in kai shi can har abada? Shi wajen uwarsa ya ce. Malamin haikali ma na je masa. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, wannan maganar gida ce. Ya shanye shayinsa ya raka ni ƙofa.

Kin tambaye ni me ainihi ya raba su. Shekara goma ina ce miki rigimar aiki ce. Ƙarya nake yi miki, rantsuwa ce ta ɗaure min baki, yau kuma zan kwance ta.

Kin san yadda sana'ar take, Yaya Iwao ya ƙera wuƙa, Genzo ya wasa ta, dillali ya sa mata ƙota ya sayar. Mai washi da yatsunsa yake gani. Genzo yana iya rufe ido ya shafa bakin wuƙa ya gaya miki inda ta fi kauri da gashi ɗaya. To shekara goma sha biyu da suka wuce kan yatsunsa ya fara mutuwa. Da farko maɓallin riga ya gagare shi, sai tsinken cin abinci ya fara suɓuce masa. In ya sunkuyar da kai sai ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi daga ƙeya har tafin ƙafa. Da ƙyar na ja shi asibiti, can wani gari, don kada a gan mu.

Likitar, Okazaki, ta ɗora hoton wuyansa a fitila ta yi mana bayani. Ta ce ƙasusuwan wuya bakwai ne a jere, tsakaninsu da 'yan faifan guringuntsi, ta tsakiyarsu kuma akwai rami inda laka ke bi ta sauka baya. A cikin ramin nan akwai wata jijiya shimfiɗaɗɗiya kamar ɗamara, ita ke riƙe ƙasusuwan kada su goce, tana da laushi don wuya ya lanƙwasu. Ta Genzo ce ta fara zama ƙashi. Tana ƙara kauri, tana matse laka, tana ɗinke gaɓoɓin wuri guda. Ta ce kada ya kuskura ya tanƙwara wuyan da ƙarfi, kada ya faɗi, domin sau ɗaya ya isa ya kwanta daga wuya zuwa ƙasa ba motsi. Ta ce a yi aiki a buɗe wa lakar hanya.

Ya ƙi. A jirgin dawowa ya ce in aka yi aikin wata nawa zai yi a kwance, kowa zai sani, kuma ranar da garin nan ya ji mai washi ba ya jin yatsunsa, ko almakashin yanka takarda ba wanda zai ƙara kawo masa. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, har yayansa. Ni kuma shashasha na rantse.

Shekara biyu yana ɓoyewa, ya ɗaga mazauninsa, ya sake tsayin dutsen washin, yana aiki da ido maimakon yatsa. Sai aka dawo da wuƙaƙen yanka kifi guda talatin, wai bakinsu ya karkace. Babban dillalinsu ne, tun zamanin mahaifinsu ake tare. Iwao ya ɗauki ƙanensa suka tafi ba da haƙuri. Iwao ya durƙusa ya kai goshi har tabarma. Genzo ya durƙusa, ya dafa hannu, ya ɗan karkato, ya tsaya a nan, kansa a miƙe, idonsa cikin idon dillali. Iyakar abin da wuyan zai yi ke nan. Yayan ya ce masa ta gefen baki, “Sunkuya.” Bai sunkuya ba. Dillalin ya ce ya gode, ya ga irin haƙurin da gidan Tsujino ke bayarwa. Daga ranar ya janye aikinsa, daga ranar kuma Iwao bai sake ce wa ƙanensa ko sannu ba.

Da tafiyarsa ta fara tangaɗi sai gari ya ce giya ce. Mutumin da ƙaramin kofi ɗaya ke sa shi barci! Ina ji a kasuwa, ina ji a gidan wanka, ina haɗiyewa. Sau nawa na ce masa bari in je in faɗa wa Yaya, sai ya ce, “Gara ya ce min mai girman kai da ya ce min abin tausayi.” Kullum da safe in na kai masa shinkafa gaban hoton sai na maimaita masa wannan maganar, in ce to ga shi nan, an ce maka mai girman kan, ka ji daɗi, yanzu ina zan kai ka?

Shekaranjiya na ɗauki hankicin na koma wajen Likita Okazaki. Ta yi furfura yanzu. Na buɗe mata a kan tebur ina jiran ta ce in kwashe, asibiti ne. Sai ta haɗa hannu ta rusuna masa tukuna, sannan ta sa tabarau. Ta nuna min na sama, ta ce shi ne na biyu a jerin bakwai ɗin nan, wannan ɗan tsinin da muke kira kan Buda a kansa ne ƙashin farko ke juyawa in mutum zai waiwaya. Ta juya shi ta ce in leƙa ta ramin. Tokiko, akwai wani tudu a ciki daga sama har ƙasa kamar kakin kyandir da ya zubo ya daskare, ko ƙaramin yatsana bai shiga ba. Ta ce, “Ta nan lakar mijinki ke bi. Ban san yadda aka yi yake tafiya da ƙafarsa ba.” Nan na yi kukan da ban yi a jana'iza ba, har sai da ta rufe ƙofa.

Da zan fito ta tambaye ni ko yana da 'yan'uwa, wai abin yakan bi jini, ya kamata a duba su. Na ce yana da guda ɗaya, amma shi dutse ne, ba ya ciwo.

Na yanke shawara. Ni Genzo na yi wa rantsuwa ba zan faɗa ba, to ba zan faɗa ba, nunawa zan yi. Gani ya kori ji. In ya ga dama ya yi fushi da ni a can, ai na saba.

Ki gaida mutanen gida da kyau.

Taki,
Hatsue


Sakai, 17 ga Fabrairu

Tokiko ƙanwata,

Ina gaishe ku duka, ina fata jiki na ƙara sauƙi. Ki yafe min wannan rubutun kamar tafiyar kaza, tun jiya ban huce ba.

Na je. Da hantsi na tafi, lokacin da na san Yaya Iwao yana maƙera, don in same shi a gaban wutarsa. Tun daga kan kwana na ji shiru, ba ƙarar guduma. Ƙofar maƙerar a rufe, har gizo-gizo ya yi saƙa a jikin sakata. Ban kawo komai a raina ba, na buga ƙofar gida.

Kinue ta buɗe, ta ce, “A'a, Hatsue, ai da kin aiko. Yayanku yana hutawa.”

Na ce, “Shekara goma yana hutawa, ya isa.” Na cire takalmi na wuce ta.

Yana zaune a kan kujera a ɗakin tsakiya, ba a tabarma ba. Ya tsufa, ya rame. Da ya ji motsina bai waiwayo ba, sai ya juyo gaba ɗayansa, kafaɗa da ƙirji. Na ga wannan juyin, amma haushi ya rufe min ido, ban karanta shi ba. Ya ce, “In maganar kabari ce, na gama magana.”

Na ce, “Ni ma ba magana na zo yi ba, Yaya.” Na durƙusa gaban teburinsa na kwance hankicin. Kinue ta ja da baya tana cewa wannan wane irin abu ne, a kawo ƙashin mamaci ɗakin cin abinci. Na ce mata ai ke kin riga kin gaisa da shi, har kin yi masa fassara. Na juya ramin ya fuskance shi, na gaya masa abin da likita ta ce, ɗamarar da ta zama ƙashi, lakar da aka matse, yatsun da suka mutu, wuƙaƙe talatin ɗin. To, ashe dai na faɗa, ba nunawa kaɗai na yi ba, ki bar ni. Na ce, “Ranar da ka ce masa ya sunkuya, da ya bi maganarka, da ranga-ranga za a ɗauko maka shi.”

Ya ƙura wa ramin ido. Ni kuma na zaro tsinkayen da na taho da su na ajiye a gabansa. Na ce, “Kowa ya ɗauki ƙashin Genzo ranar nan, har mai sayar da awarar tofu. Kai kaɗai ka rage. Ka ƙi zuwa, ga shi na kawo maka har gida. Ɗauka.”

Kinue ta ce, “Haba Hatsue, ki bari mana,” da wata murya da ban san ta da ita ba. Ya ce mata ta yi shiru. Ya miƙa hannu ya ɗauki tsinkayen. Tokiko, ya kasa jera su. Ya gyara da ɗaya hannun, ya kai su jikin ƙashin, suka harɗe, ɗaya ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur. Na bi yatsunsa da kallo, na ɗaga ido na ga rigarsa ba maɓalli ko ɗaya, duk an cire an ɗinka igiya. Ni na san wannan ɗinkin, na yi shi shekara da shekaru.

Na ce, “Tun yaushe?”

Ya ce, “Shekara uku.”

“Ka je asibiti?”

“Me zan je yi? Na ga yadda Genzo yake tafiya, na ga yadda na fara tafiya.”

Kin ji fa. Ya sani. Shekara uku ya san abin da ya hana ƙanensa sunkuyawa, yana jin sa a nasa wuyan, kuma yana zaune a nan, tafiyar da shayi ba ya hucewa, bai tako ba. Ni da na zo da shirin in ga ya yi nadama in yafe masa, sai na ji kamar in kifar da teburin a kansa. Na ce masa da rashin sani ne da na ce ƙaddara, amma wannan mugunta ce. Na ce Genzo yana kwance a asibiti duk wanda ya turo ƙofa sai ya juya ido ya ga ko kai ne. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, kada takardar ta faɗa hannun maigidanki.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, “In na je wajensa me zan ce? Ba da haƙuri sai da sunkuyawa, ni kuma ba ni da ita. In tsaya masa a kai ƙiƙam in ce yi haƙuri? Jana'iza kuma, gaban akwatinsa, gaban duk mutanen sana'a, kowa ya rusuna ni in tsaya. Ko su ce har gawa na ƙi girmamawa, ko su gane.”

Na ce, “To kabarin fa? Shi ma wuyan ne ya hana?”

Ya ce, “In aka buɗe kabari ni ne a gaba. Ni zan fara rusunawa.”

Wato don kada a ga tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu yana ciwo, gara ƙanensa ya kwana a kan kanta har abada, a kuma laƙa masa rashin mutunci a kai. Kinue tana gefe tana sharɓe, wai ita ta ɗauka tsufa ne kawai, wai maganar da ta yi ranar nan ba ta san komai ba. Na ce mata bakin da bai sani ba ai shiru ya kamace shi.

Na fito da takardar haikali na shimfiɗa masa. Ban roƙe shi ba, ban ce don girman kowa ba. Ya ce wa Kinue ta ɗauko hatimi. Ya kasa danna shi daidai, sai da ta ɗora hannunta a kan nasa. Ya fito a karkace, amma ya fito.

Ina ɗaure hankicina ya ce, “Hatsue, abin da kika gani a ɗakin nan, ya tsaya a ɗakin nan.” Na dube shi, na ga fuskar Genzo sak a jirgin nan na dawowa daga asibiti. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, na sa takalmina.

Saura kwana tara. Ban gode masa ba, kuma ba na jin zan gode.

Yayarki,
Hatsue


Sakai, 28 ga Fabrairu

Zuwa ga Tokiko,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidan, da fatan sanyi ya fara sakin ku. Nan furen itacen plam ya buɗe a haikali. Takardarki ta iso ana gobe buɗe kabari, na karanta wa Genzo ita.

Ya shiga, Tokiko. Shekaranjiya da safe aka ɗaga dutsen. Aka juye ɗan tulun a farin ƙyalle yadda suke yi a nan, ni kuma na kwance hankicin na ɗora wuyan a sama, ɗungurungum yadda yake, ban bari an ɓalle ko ɓarɓashi ba. Da hannuna na sa shi a gefen na Inna.

Mutane sun zo fiye da na jana'iza, kusan ashirin, tsofaffin maƙera da masu washi da matansu. Ba don Genzo ba, labari ne ya zaga cewa Iwao zai fito. Ya fito kuwa, Kinue tana riƙe da gwiwar hannunsa kamar wai don santsin dutse. Malam ya gama karatu, ya ce babban gida ya fara. Iwao ya matsa gaban kabarin da turare a hannu, ya haɗa tafuka, ya lumshe ido, ya tsaya a miƙe kamar taɓarya.

Nan take na ji raɗa ta fara tashi a bayana. “Dubi, ko yau.” “Ƙanensa fa, a rami.” “Gidan nan dai girman kai gadonsu ne.” Kalma ɗaya ba su canja ba, irin waɗanda na sha shekara goma ne. Na ga kunnuwansa sun yi ja, yana ji.

Zan gaya miki gaskiya, ke kaɗai. Na bar su. Na tsaya ina ƙirga numfashina, ɗaya, biyu, har goma, kowace shekara da nata. Na so ya ɗanɗana.

Da na kai goma na juya na fuskance su. Na ce, “Ku da kuke magana, wuyansa ne ba ya lanƙwasuwa. Jijiyar ciki ta zama ƙashi, in ya matsa mata zai shanye. Ciwon da ya kama Genzo ke nan shekara goma sha biyu, wanda kuka ce giya ce, kuka ce girman kai ne. Wanda bai yarda ba ya zo ya leƙa tun ba a mayar da dutsen ba.”

Ba wanda ya zo. Har malam ya rasa inda zai sa idonsa. Wani tsohon mai washi, wanda suka koyi aiki tare da Genzo, ya cire hularsa ya durƙusa a kan tsakuwa ya kai goshi ƙasa gaban kabarin, ya daɗe bai ɗago ba.

Iwao ya juyo, gaba ɗayansa, fuskar nan kamar garwashi. Ya ce a hankali, “Na ce ki rufa min asiri.”

Na ce, “Na rufa wa ɗaya, Yaya. Ga shi can a rami.”

Ranar Talata da ƙarfe tara Likita Okazaki za ta gan shi. Ya ce ba inda za shi, na ce da shi motar haya za ta tsaya a ƙofarsa takwas saura kwata, in bai fito ba zan tsaya a titi in kira sunansa da sunan ciwon har ya fito. Kinue ta ce za ta goge masa riga. Har yanzu ba ya min magana, ni ma ban matsu ba.

Da na dawo na zauna gaban hoton na ce wa Genzo na karya rantsuwar, sau uku ma, kuma da tun a jirgin nan na karya ta, da wataƙila yanzu yana nan yana min ƙorafin miya. Wannan ita ce nadamata. Numfashi goman nan kuwa, na duba zuciyata sama da ƙasa, ban sami nadamarsu ba.

In an kwana biyu zan zo in karɓe ki jinya ko na mako guda ne, ki samu ki miƙe bayanki. Ki gaida maigidan, ki ce ya ci gaba da riƙe cokalin.

Yayarki mai ƙaunarki,
Hatsue